Ƙofar da Na Nuna da Yatsa

Makon jiya maƙwabcinmu na ƙasa ya shafa wa ƙofarsa fenti. Ina saukowa da safe, sanyi ya cika matakala, sai warin ya tare ni a hawa na biyu. Ban san lokacin da na kama ƙarfen matakalar na tsaya ba. Ni da nake da 'ya'ya biyu yanzu, sai ga ni na koma yarinya 'yar shekara tara. Bari in gaya muku dalili, ko da yake zancen ba ya fita daga bakina cikin sauƙi.

Babana mutumin Maradi ne. Ya zo Faransa yana saurayi, ya yi dako, ya yi gadi, har Allah ya hore masa ɗan shago a unguwar Belleville ta Paris, inda yake sayar da shadda da turare. Mahaifiyata kuwa Bayahudiya ce. Iyayenta daga Aljeriya suka taso, suka zauna a Vénissieux, gefen Lyon, inda kakana ya yi aikin masana'anta har ƙarfinsa ya ƙare. Auren bai yi wa kowane ɓangare daɗi ba da farko, amma kafin in yi wayo an riga an sasanta. Baba yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Da Hausa yake mini magana, Mama da Faransanci. Idan mun je Lyon, Baba ba ya cin abinci a gaban kakana, kuma sai ya durƙusa yake gaishe shi. Kakana ya yi shekaru yana zaton raina masa tuwo ake yi, sai da Mama ta fahimtar da shi cewa kunyar suruki ce.

A shekarar da nake ba ku labari, bikinsu na Hanuka ya faɗo daidai da hutun lakwal, wato makaranta, na ƙarshen shekara, sai aka shirya ni da Mama mu je mu yi kwanakin takwas a can. Baba ya tsaya shago. Lokacin ba na kwanciyar hankali ba ne. Manya suna rage muryar rediyo idan na shigo ɗaki, amma kunnen yaro ba ya barci, na san ana jifan wuraren ibadar Yahudawa a wasu unguwanni, an ma cinna wa wani wuta. A cikin jirgin ƙasa Mama ta gyara mini wuyan riga, ta ce da ni a hankali:

"Idan wani ya tambaye ki inda kakanki yake zuwa da yamma, ki ce ba ki sani ba. Kin ji?"

Na ce na ji.

Kakannina suna hawa na bakwai a ɗaya daga cikin dogayen benayen unguwar Minguettes. Wurin ibadarsu kuwa wani ɗan ɗaki ne a ƙasan wani tsohon gini, tafiyar minti biyar, tsakanin shagon mai burodi da wani gareji. Da can shagon tela ne. Ba allo, ba alama, ƙofa ce kawai ruwan toka mai ƙaramar taga a sama. A ciki akwai benci shida, da kabad mai labule inda ake ajiye littafinsu mai tsarki, da wani murhun dumama ɗaki da ke tari kamar tsoho. Maza a gaba, mata a baya kusa da ƙofa. Ba su da malami nasu na kansu, kakana ne yake ja musu addu'a. Kuma akwai addu'o'in da ba a yi sai maza goma sun hallara. Su goma sha ɗaya suka rage, duk tsofaffi, don haka idan mura ta kama mutum biyu, an shiga damuwa. Ba sa ƙirga mutane da lamba, kamar yadda mu ma ba ma son a ƙirga mana 'ya'ya. Kakana yakan bi su da ido ne yana motsa leɓe, idan ya kai ƙarshe ya gyaɗa kai, an san an cika.

Bikin na fitila ne. Kakana ya ce a zamanin da, an ƙwace wa kakanninsu babban ɗakin ibadarsu, da suka karɓo shi ba su sami man fitila mai tsarki ba sai na kwana ɗaya, amma ya ci kwana takwas. Shi ya sa ake kunna lagwani ɗaya a yammacin farko, biyu a na biyu, har a kai takwas. Ana kunnawa a ɗakin ibada, a koma gida kowa ya kunna tasa. Ta kakana ta tagulla ce, mai ƙananan bakuna a jere, man zaitun ake zuba mata. A bakin taga yake ajiye ta, ya ce an yi ta ne don a gani daga waje. Kakata kuma tun azahar take suyar wani fanke mai rami a tsakiya, ta barbaɗa masa sukari. Akwai wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ita ma takan kawo nata a kwando, su yi ta gardamar na wa ya fi laushi. Yammacin farko na yi murna kamar me. Na tsaya kusa da kakana ina kallon wutar a jikin gilashin taga, da fitilun unguwa can ƙasa.

Kwana na biyu da hantsi na sauka filin wasa da fanke biyu a takarda. Ina kan lilo sai na ji wata yarinya tana ce wa ƙaninta, "Kai, sauko, za ka faɗi!" Da Hausa. A Vénissieux! Na diro na je na ce mata sannu. Ta zaro ido, muka fashe da dariya. Iyayenta mutanen Chadi ne, babanta yana aiki a wani babban sito. Hausarta ta ɗan bambanta da tawa, amma ba abin da ya dame mu. Na ba ta fanke ɗaya, ta ci, ta lashe yatsu, ta ce wane irin biki ake a gidanmu.

Na gaya mata. Ba wanda ya matsa mini. Daɗin samun ƙawa ne ya kwashe ni, bakina ya yi ta zuba: fitilar, da man da ya ci kwana takwas, da cewa kakana ne limaminsu. Ta ce ina ne masallacin nasu, ita ba ta taɓa gani ba. Na ja hannunta har bakin hanya, na miƙa yatsa.

"Ga shi can. Ƙofar nan ruwan toka."

Sai da na sauke hannu na lura da samari uku zaune a kan wani dakali kusa da mu. Ɗaya wanta ne. Wani daga cikinsu, mai jar hula, ya bi inda yatsana ya nuna da kallo, ya dube ni, ya ce da Faransanci, "Wacce? Ta kusa da garejin?" Ya yi murmushi ya tofar da yawu. A nan ne maganar Mama ta faɗo mini. Na koma sama ban ko yi wa yarinyar sallama ba.

Kwana na uku ya wuce lafiya, na huɗu ma haka. Har na fara cewa a raina ba komai. Da safiyar kwana na biyar na raka kakana sayen burodi. Muna karya kwana ya tsaya cak, hannunsa ya matse nawa har na ji zafi.

An watsa wa ƙofar jan fenti. An rubuta kalmomi manya manya, waɗanda ba zan maimaita su a nan ba, an zana wata alama da ko a lokacin na san ta mutuwa ce. An fasa ƙaramar tagar, gilashi ya watse a ƙasa. Fentin ya zuba ya daskare kamar jinin yanka. Mai burodi yana tsaye a ƙofar shagonsa yana goge hannu da tsumma, ya kasa duban mu. Kakana ya cire hularsa ta sanyi, wadda yake rufe ƙaramar hular addu'arsa da ita, ya mayar, ya sake cirewa. Ban taɓa ganin babba ya rasa abin da zai yi da hannunsa ba sai ranar.

'Yan sanda suka zo, suka ɗauki hoto, suka yi tambayoyi. Na ɓuya bayan Mama ina jiran ɗaya ya juyo ya ce, ina yarinyar da ta nuna? Ba wanda ya juyo. Da ma sun tambaya, da na huta.

Daga ranar abinci ya daina wuce mini. Kakata ta taɓa goshina ta ce zazzaɓi ne, ta dafa mini ganye. Ni kuwa na san ciwona. Duk takun da na ji a matakala, sai in ce su ne, sun bi ni sun gano gidan. Idan an danna ƙararrawar maƙwabta, sai in ruga banɗaki in kulle. Nakan leƙa ta gefen labule in duba dakalin nan, idan ba kowa in ce sun tafi ɗauko fetur, idan akwai mutane in ce gadinmu suke yi. Na yi addu'ar da Baba ya koya mini, na yi guntun abin da na tsinta a bakin kakana, na haɗa su duka, na roƙi Allah ya mayar da ni kan lilon nan in rufe bakina.

Da yamma kakata ta ɗauke fitilar daga bakin taga ta aza a kan tebur, ta ja labule. Kakana ya mayar. Ta sake ɗaukewa. Ban taɓa jin sun ɗaga wa juna murya ba sai ranar.

"Hawa na bakwai muke," in ji kakana. "Wane dutse ne zai iso nan?"

"Ba dutse nake tsoro ba, ido nake tsoro. Ga jikarka a gidan."

Da ta ambace ni, kakana ya bar fitilar a tebur. Aka kunna lagwani biyar a bayan labule. Na ji kamar in nutse. Wato ni na jawo, kuma ni ake karewa.

A ɗakin ibada ma abin ya taɓa. An toshe tagar da kwali, an rufe rubutun da wani tsohon bargo, amma maza bakwai kawai suka zo. Kakana ya bi su da ido, ya kai ƙarshe, bai gyaɗa kai ba. Ɗan tsohuwar nan mai kwando ya zo da mota daga cikin gari zai tafi da ita, ta ce ba inda za ta sai an kunna na takwas.

Mama ta buga wa Baba waya. Washegari da azahar sai ga shi, ya rufe shago ya tuƙo mota tun daga Paris. Ya durƙusa ya gaida kakana, ya yi masa jaje. Da ya juyo ya dube ni, kallo ɗaya ya yi mini ya ce, "Uwata, zo ki taya ni ɗauko kaya a mota."

Ba mu kai mota ba. A hawa na biyar na zauna a kan matakala na fashe da kuka. Na gaya masa duka da Hausa, don ko wani ya ji ba zai gane ba. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce:

"Ba ni kika taɓa ba. Tashi mu je wurin mai ƙofar."

Na roƙe shi, na riƙe ƙafarsa. Ya ɗaga ni a hankali ya ce abin da aka ɓoye a ciki shi yake cin mutum. Muka koma sama. Kakana yana zaune yana murza auduga yana yin lagwani. Baba ya tsaya daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya tura ni gaba. Na faɗa da Faransanci. Mama ta dafe baki. Kakata ta zauna.

Kakana ya ajiye audugar. Ya ce, "Me kika ce wa yarinyar daidai?"

"Na ce ga inda kakana yake addu'a."

"To, ƙarya kika yi?"

Na girgiza kai.

"Ƙofar nan tana nan tun mahaifiyarki ba ta fi ki ba. Mai burodi ya san ta, mai kawo wasiƙa ya san ta, duk yaron da ya taɓa buga ƙwallo a layin ya san ta. Kina tsammani ke suke jira?" Ya jawo ni ya goge mini fuska da tafin hannunsa mai ƙanshin man zaitun. "Shekara nawa nake fatan wani jikana ya nuna ta ya ce ta kakansa ce."

Na so in yarda da shi. Rabin zuciyata ta yarda, rabi kuma tana ganin murmushin mai jar hula.

Baba bai bar zancen nan ba. Ya sa na nuna masa benen su yarinyar, ya hau shi kaɗai, ya jima, ya sauko. Abin da ya ce wa Mama kawai shi ne, baban yarinyar dattijo ne, ya rantse ɗansa bai san komai ba, Allah ne masani. Kwana na bakwai Baba ya sayo fenti. Shi da kakana da wani tsohon direban bas daga cikin jama'ar suka kankare ƙofar, suka shafa mata shuɗi. Sanyi ya hana fentin bushewa, jan yana ta ɓullowa daga ƙasa, sai da suka shafa sau uku. Ni ce mai riƙe gwangwani. Warin ya shiga gashina da rigata, ya kwana biyu bai fita ba.

Yammacin ƙarshe, kakana ya bi gida gida da kansa. Maza tara suka hallara, har da shi. Tsohuwar nan ta kama hannun ɗanta ta ce, "Kafin ka kai ni ko'ina, shiga ka cika musu." Ya shiga yana gunaguni. Kakana ya bi su da ido, ya gyaɗa kai. Baba kuwa ya ce shi zai tsaya a waje ya sha iska. Iskar da ke yanka kunne! Kowa ya gane gadi zai yi. Aka rufe ƙofa, rana ta faɗi, aka fara.

Ina zaune a bencin ƙarshe tsakanin kakata da Mama, bayana yana kusan taɓa ƙofar. Kakana ya ɗauki wuta zai kai ga lagwani na farko, sai muka ji taku a waje. Taku mai nauyi, yana matsowa, ya tsaya daidai ƙofar. Sai muryar namiji, mai kauri, wadda ba ta Baba ba. Addu'a ta tsinke a bakin kakana. Direban bas ya miƙe a hankali. Kakata ta danna kaina cikin cinyarta. Wata tsohuwa ta fara salati irin nasu ƙasa ƙasa. Ɗakin ba shi da wata mafita, kowa ya san haka. Muryoyi biyu suna ta musayar magana da sauri da sauri, cikin harshen da mutanen ɗakin ba su sani ba, kamar ana cacar baki.

Na ɗago kunnena daga cinyar kakata na kasa.

"Ina wuni?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya sanyi?"

"Lokacinsa ne, Alhaji."

"Ina labari?"

"Sai alheri."

Na zame na miƙe tsaye. Idanu duka suka dawo kaina. Ban taɓa magana a ɗakin nan ba, ban ma san ko an yarda yarinya ta yi ba. Na ce, "Gaisawa suke yi."

Kakana, da wuta a hannu, ya ce, "Gaisawa? Duk wannan?"

Na sake kasa kunne. "Ba su ma kai kan iyali ba tukuna."

Direban bas ne ya fara dariya, irin dariyar da ke kusa da kuka, sai ta bi ɗakin benci benci. Kakata tana dariya tana share hawaye, ba ta saki rigata ba. Kakana ya jira aka lafa, ya kunna takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya. Da muka fito, muka tarar da Baba da baban yarinyar nan tsaye sun jingina da bangon gareji, kowa da ƙaramin kofi yana tururi. Mutumin ya sa hannu a ƙirji ya gaida kakana, bai ce komai game da ƙofa ba. Tsohuwar nan ta miƙa masa kwando, ya ɗauki fanke ɗaya, ya ce zai kai wa yara.

Ba a taɓa gano wanda ya yi aikin ba. Har yau ban sani ba ko yatsana yana da hannu a ciki, kuma na daina sa ran zan sani. Yarinyar ban sake ganinta a filin wasa ba. Jama'ar ba su daɗe ba bayan haka. Wasu suka bi 'ya'yansu cikin gari, wasu suka bar ƙasar, wasu ƙasa ta rufe musu ido. Bayan sanyi uku, haɗa maza goma ya gagara, aka mayar wa mai gini mabuɗinsa. Kakana ya koma shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa babban ɗakin ibada na cikin Lyon, inda akwai mai gadi da na'urar bincike, inda kuma ba wanda ya san shi ya taɓa ja wa mutane addu'a. Ya rasu ina jami'a. Ɗakin yanzu shagon gyaran waya ne. 'Ya'yana suna zuwa kunna fitila wurin Mama a Belleville, su yi sallar idi da dangin Baba a Bobigny, kuma ina lura da yadda tun suna ƙanana suka iya auna wa za a gaya wa me. Ba ni na koya musu ba. Zamanin ne ya koya musu, kuma hakan ya fi komai yi mini ciwo.

Baba ya tsufa, rabin shekara yanzu a Maradi yake yi. Bayan abin da ya same ni a matakala makon jiya, na kira shi. Muka gaisa a gajarce, irin ta waya, na ce, "Baba, ranar nan a Vénissieux, da ka tsaya a waje, ka ji tsoro kuwa?"

Ya ce, "Uwata, na hango mutum yana tahowa cikin duhun magariba, hannunsa ɗaya a cikin riga, ya riƙe wani abu. Ban gane shi ba. Na yi kalmar shahada, na matsa na tare ƙofar da bayana. Sabon fentin nan duk ya ɓata mini riga."

"Me ya riƙe?"

"Butar shayi," in ji Baba. "Ya ce ya hango ni daga tagarsa, ya ga bai kamata ɗan'uwa ya tsaya cikin sanyin nan shi kaɗai ba."